Ranar da na saki kuntigi cikin azumi

Har yau idan na ji sautin kuntigi sai gabana ya faɗi. Asabar ce, 20 ga Yunin 2015, azumi na uku a baki, ina kan aiki a wani gidan rediyo nan Sakkwato, sai ga labari Ɗan Maraya Jos ya rasu. Ban shawarci kowa ba. Na karanta sanarwa, na yi addu'a a gurguje, na jera waƙoƙinsa huɗu a kwamfuta na saki. Ni a zuciyata girmama shi nake yi.

Ta biyu ba ta kai rabi ba waya ta ɗau ruri. Wani dattijo daga Mabera ne, muryarsa na rawa: "Ɗana, mi kaka yi haka? Bawan Allah ya koma ga Mahalicci nai yau yau, kai kana ƙara mai kaya, kuma cikin watan ga?" Shugaban sashenmu ya shigo bai ce uffan ba, ya sauke sautin da hannunsa. Ban sake zama gaban makirfo ba sai bayan Sallah.

Abin da ya fi yi mini ciwo, na san garin nan. A nan aka haife ni. Na san akwai masu ganin duk kiɗan da aka saki bayan mutuwar mawaƙi nauyi ne ake aza masa, kuma ko waɗanda ba su yarda da hakan ba suna jin kunyar kiɗa ranar rasuwa. Gaggawar riga wasu tashoshi ce ta rufe mini ido.

Yanzu idan makaɗi ya rasu, muryarsa nake nema a tsohuwar hira, babu ganga babu amshi. In buɗe layi a yi ta'aziyya, in kira wanda ya san tarihinsa. Waƙa sai an share makoki, ita ma in fara da mai nasiha.

Masu sauraro da kansu suke buɗe ƙofar. Ɗankwairo ya rasu tun 1991, Shata 1999, amma ba a raba shirin gaishe-gaishe da su. Da na dawo bayan Sallah, Ɗan Maraya aka yi ta roƙo, fiye da yadda na taɓa ji yana raye. Duk wanda ya roƙa na sa masa, sai dai kafin in danna nakan tuna muryar dattijon nan, in ce Allah ya jiƙansa, in ɗan yi shiru tukuna.