Takardar Ƙonni da Takardar Sakkwato

Lokacin da na baro Birnin Ƙonni na ƙetara iyaka ta Illela a shekarar 2017 domin koyar da Faransanci a Sakkwato, ban ɗauki kaina baƙo ba, domin harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, kuma tafiyar ba ta kai kilomita ɗari ba. Ban san na shigo wata ƙasa ba sai ranar da na kai takardar neman aiki wata makaranta.

Na rubuta ta da hannuna kamar yadda aka koya mana a Nijar, inda ake son ganin rubutun mai nema, sau da yawa ma har da kan sarki na haraji a manne idan ofishin gwamnati za ta. Na sa sunana da adireshina a sama ta hagu, na wanda nake rubuta wa ta dama, sannan na rufe da doguwar jimlar nan ta Faransawa wadda ake roƙon mai karatu ya karɓi gaisuwar girmamawa. Akawun makarantar, wani dattijo mai farin gemu, ya duba ta sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wagga takarda taka ta Faransi ta, ba haka muka yin ta nan ba." Ya jawo wata tsohuwar takarda daga fayil ya shimfiɗa a gabana: adireshin mai rubutu da kwanan wata a dama, na wanda za ta je wa a hagu, gaisuwar kalma biyu, kan magana da manyan baƙaƙe an ja masa layi, sannan sa hannu a bisa cikakken suna. Ya ce in je a buga mini ita da kwamfuta a farar takarda, in ninke ta sau biyu kawai, kada in sa ta aljihu ta yi laushi.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne hanyar da takarda ke bi. Ƙaramin ma'aikaci ba ya tsallake shugabansa. Sai ya rubuta cewa takardar ta bi ta hannun shugaban, shi kuma shugaban ya sa hannu ya miƙa ta gaba. Akwai kuma kwafi na biyu da ake buga wa hatimin karɓa da kwanan wata a mayar wa mai ita. Na taɓa raina wannan, na kai takarda wani ofishi na juyo hannu wofi, bayan mako shida aka ce ba a ga ta ba, ni kuwa ba ni da shaida.

Ban yi mamakin wannan tsari ba bayan na ziyarci gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubucen daula. Tun zamanin Waziri Giɗaɗo ofishin waziri ne ke kula da wasiƙun da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna, ana buɗe su da sunan Allah da salati, a ambaci mai aikowa da wanda aka aika wa, a yi sallama, kafin a shiga magana. Daga garin nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika wa Sarkin Ingila wasiƙa ta hannun wani Bature matafiyi mai suna Clapperton a 1824. A ganina, wannan gadon ne ya sa har yau mutumin Sakkwato ba ya miƙa wa babba ambulan daga tsaye: sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce "ranka ya daɗe", a gama gaisawa, sannan ya miƙa da hannun dama.

Wasiƙar da nake rubuta wa mahaifina kuwa ba ta bin tsarin Faransa ko na Ingila. Da Hausa nake yin ta, cikin ajami, domin shi ya iya karantawa. Ina farawa da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, in tambayi lafiyar Inna da ƙannena kowa da sunansa, in tambayi damina, sai can ƙasa in kawo buƙatata. Ina liƙe ambulan ɗin, in rubuta sunan unguwarmu a baya, in ba wani direban motar Illela da ya san ƙofar gidanmu.