Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Tashin Monarch Da Faɗuwarsa

Kamar yadda na faɗa a makon jiya, aikin lodin kaya na samu a filin jirgin sama na Luton da ke Ingila, kuma jiragen da na fi yi wa lodi su ne na kamfanin Monarch, waɗanda ake ganewa daga nesa da tambarin kambin sarauta a jelarsu.

An kafa kamfanin a 1967 da jarin iyalan Mantegazza na ƙasar Siwizalan, ya kuma fara tashi a watan Afrilun 1968 da jiragen Bristol Britannia masu farfela. Asalin sana'arsa shata ce: kamfanin yawon buɗe ido, musamman Cosmos, yakan kama kujerun jirgi, ya haɗa su da ɗakin otal ya sayar wa masu tafiya hutu. Ni kaina ina gane jirgin shata tun daga ƙarƙashinsa, domin akwatunan sukan zo da takardar kamfani iri ɗaya a ɗaure a mariƙinsu, ga kekunan tura jarirai jibge. Alherin wannan tsari shi ne an riga an biya kuɗin kujera kafin jirgi ya motsa, ko an zauna a kanta ko ba a zauna ba.

A 1986 Monarch ya fara jigila bisa jadawali, inda fasinja ke sayen tikitinsa da kansa, kuma duk kujerar da ta tashi babu kowa hasarar kamfani ce. Da intanet ta yaɗu, mutane suka koyi shirya hutunsu da kansu, kasuwar shata ta yi ta ja da baya, har bayan da kamfanin zuba jari na Greybull Capital ya sayi Monarch a 2014 aka daina shatar baki ɗaya. A ganina daga nan ne ƙafarsa ta fara zamewa, domin ya shiga kokawa da easyJet da Ryanair a fagen da suka fi shi ƙwarewa, wato arha.

Sai masifu suka biyo juna. Harin Sousse a Tunisiya da dakatar da zuwa Sharm el-Sheikh a Masar, duk a 2015, suka kora kamfanoni zuwa Sifen da Fotugal, farashin tikiti ya karye. Darajar fam kuma ta faɗi bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016, alhali da dala ake biyan kuɗin mai da na hayar jirage.

Da asubahin 2 ga Oktoba, 2017, kamfanin ya durƙushe, muka iske jiragen a fake, babu mai hawa, fasinjoji na tsaye da akwatunansu suna karanta sanarwa a bakin kanta. Fasinjojin Monarch kusan 110,000 suna ƙasashen waje a ranar, sai da hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta yi shatar wasu jirage ta kwaso su. Ma'aikata sama da 1,800 suka rasa aikinsu, cikinsu har da waɗanda muka yi shekaru muna gaisawa kullum a gindin jirgi. Yadda wannan ya shafi aikina da gidana, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah Ya yarda.