Lahadi da littafin Réjean Ducharme

Hazo ya sauko mana a Damagaram tun da asuba, har ba a hango ƙarshen layinmu, saboda haka da na dawo daga masallaci sai na fasa zuwa kasuwa, na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗauko littafin da na yi mako uku ina fama da shi, wato L'Avalée des avalés, ƙagaggen labari da Faransanci na marubucin Kanada Réjean Ducharme. Wani abokin aikina da ya yi karatu a Kanada ne ya ara mini. Bangon ya tsufa har an liƙe shi, kuma gefen shafuffukan cike yake da rubutun fensir na wanda ya riga ni karantawa.

Kafin azahar na kai ƙarshe, kuma na daɗe zaune ban motsa ba. Mai ba da labarin yarinya ce, Bérénice Einberg, ubanta Bayahude, uwarta Kirista 'yar Katolika, waɗanda suka raba 'ya'yansu biyu tsakaninsu kamar kayan gado: ita ta uba ce, ɗan'uwanta Christian na uwa. Daga tsibirin da ta tashi aka tura ta New York wurin dangin uba, daga can kuma Isra'ila, inda a shafuffukan ƙarshe ta kare kanta daga harsashi da jikin abokiyar zamanta. Abin da ya fi kama ni shi ne tsoron da ke cikin sunan littafin, wanda ke nufin wadda aka haɗiye cikin waɗanda aka haɗiye, wato tsoron a haɗiye ta. A ganinta iyaye da ƙauna da girma duk bakuna ne a buɗe, kuma gara ta haɗiye duniya kafin duniya ta haɗiye ta. Har harshe nata na kanta ta ƙirƙira don kada ta yi magana da kalmomin manya.

Ina cikin wannan tunani sai na ji 'yata da ƙawarta a bakin ƙofa suna zaurance, suna cusa gaɓoɓi a tsakiyar kalmomi don kada in gane sirrinsu. Nan take na fahimci abin da ya gagare ni mako uku. Da farko na ɗauki wasan kalmomin Ducharme a matsayin gwaninta kawai, irin ta mai son a ce ya iya Faransanci. Ashe katanga ce yaro yake ginawa. Sunayen littattafansa ma haka suke: L'Océantume na 1968 ya haɗa kalmar teku da kalmar ɗaci, Les Enfantômes na 1976 ya haɗa yara da fatalwa, Le Nez qui voque na 1967 kuwa in aka furta shi da sauri sai a ji kalmar da ke nufin magana mai harshen damo.

Da la'asar mai littafin ya zo, muka ɗora shayi. Da na gaya masa na gama, sai ya ce, "Malam, rubutun nasa ban raina ba, amma ɓuyan da ya yi, ni dai ina ganin dabarar talla ce." Ban yarda ba, kuma na faɗa masa dalilina. An haifi mutumin nan a 1941 a Saint-Félix-de-Valois da ke lardin Kebek, kuma yana ɗan shekara 25 kamfanin Gallimard na Faris ya buga littafinsa na farko a 1966, littafin ya shiga takarar Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, ya kuma ci kyautar Gwamna Janar ta Kanada. A daidai lokacin da kowane saurayi zai so a san fuskarsa, shi sai ya janye jiki, har aka yi ta raɗe-raɗin cewa babu wani Ducharme, wani shahararren marubuci ne ya ɓoye a bayan sunan. Bai koma hira da 'yan jarida ba, bai je karɓar kyaututtukansa ba, hotunansa da jama'a suka sani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma haka ya zauna har ya rasu a Montreal a watan Agusta na 2017. Na ce masa ban taɓa ganin mai talla da ya riƙe dabara ɗaya shekara 51 ba.

Kuma ba zaman banza ya yi ba. Ko a shekaru 14 da suka wuce tsakanin 1976 da fitowar Dévadé a 1990 bai fitar da ƙagaggen labari ba, ya rubuta wasannin kwaikwayo da labarun fim. Ya kan yi yawo a titunan Montreal yana tsintar tarkacen da aka yar, ya harhaɗa su su zama kayan fasaha, ya sa musu hannu da sunan aro Roch Plante. Wannan hoton ne ya zauna mini a rai, mutum yana tafiya a cikin garinsu, masu karanta shi suna wuce shi ba su san shi ne ba, shi kuwa idonsa na ƙasa yana neman marfin kwalba ko guntun ƙarfe.

Abokina bai sauka daga ra'ayinsa ba, amma ya yi alkawarin kawo mini L'Hiver de force na 1973 ranar Talata. Na roƙe shi ya bar mini wannan na ƙara mako guda, domin ina so in koma babin farko yanzu da na san inda yarinyar ta ƙare. Bayan isha na kunna fitila na soma.