Abin da aikin koyarwa ya koya mini game da burin yara

Makon jiya na ajiye aiki a makarantar kuɗin da nake koyar da kemistiri, kuma tunda abokai sun dame ni da tambayar me ya faru, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar kuɗi ya san yanayin, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita kaɗai ke cinye rabin albashi, a 2024 aka ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 amma mu ba mu gani a hannu ba. Duk da haka wallahi ba kuɗi ne ya kore ni ba.

Akwai wata yarinya a ajin kimiyya, babanta mai faci ne a bakin titi, tun SS1 take cewa likitar mata za ta zama, kuma ba faɗar yarinta ba ce, yayarta ce ta rasu wajen haihuwa a gida saboda mijin ya ce ba namijin da zai duba masa mata. Bayoloji da kemistiri tana ja sosai, fiziks ne ke ba ta wuya, littafinta duk ya cika da lissafin da ta goge ta sake har takardar ta huje. Da za su shiga SS2 mai makarantar ya tara mu a ofis da takarda a hannu, ya ce duk yaron da makinsa ya yi ƙasa a mayar da shi ajin ats, don kada ya ɓata sakamakon WAEC ɗin da ake bugawa a ƙyallen talla a rataye a bakin get. Sunanta na ciki. Na ce ranka ya daɗe, likitanci a JAMB sai da Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, in aka raba ta da fiziks yanzu an rufe mata ƙofar ke nan, a ba ni zango ɗaya zan zauna da ita bayan an tashi, kyauta. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Malam, 'yar mai faci ce fa, ko ta ci wa zai riƙe ta shekara shida a jami'a? Ka daina cika wa yara kai da mafarki."

Maganar nan har yau tana cina. Domin ni ma burin ne ya riƙe ni, yajin aikin ASUU na 2020 wata tara muka yi a gida, na 2022 wata takwas, ina zaune a rumfar POS ina kallon abokai ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun haƙura da boko, abin da ya sa nake buɗe littafi da daddare kawai shi ne ina ganin kaina a gaban allo wata rana. Na san buri ba ya ba da tabbas, JAMB maki 400 ne kuma likitanci sai mai maki sosai, ga hukumar kula da aikin likitoci ta MDCN ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Toh amma yarinyar da ta nufi likita ko da a nas ko ungozoma ta tsaya, ai ɗakin haihuwar nan dai za ta shiga, kuma mai nema yana tare da samu. Wanda aka kashe wa buri tun yana shekara sha biyar kuwa na gan su da idona, suna zuwa aji su zauna a baya, ba sa rubutu ba sa tambaya.

Sauran darussan ba su da yawa. Kada ka gaya wa mai gidanka burinka kafin ka san halinsa, ni da na ce ina son komawa digiri na biyu a ranar aka ƙara mini aji biyu. Duk alkawarin da aka yi maka ka nemi a rubuta. Kuma in iyaye sun zo ka gaya musu gaskiyar abin da ake shirin yi da ɗansu.

Haka na yi da baban yarinyar nan, na same shi a wurin sana'arsa hannu duk baƙin mai, na yi masa bayani. Ya mayar da ita makarantar gwamnati, tana ajin kimiyya, kuma duk Asabar ƙanenta yana rako ta gidanmu mu yi fiziks.