Tattabaru: daga sha'awa zuwa sana'a

Da wuya ka shiga unguwa a Daura ba ka tarar da yaron da ya rataye tukwane biyu a soro yana kiwon tattabaru ba. Wannan sha'awa ce. Sana'a kuwa sai ranar da mai gidan abinci ya ce yana son 'yan shila ashirin kowace Juma'a, ka kuma kai masa ba fashi. Aikin da kowa zai iya ba ya kuɗi. Watsa gero kowa ya iya. Raya ɗan shila cikin zafin bazara har ya kai wata guda da tsoka a ƙirji, wannan ne ake biya.

A gidan kiwonmu kowace mace da namijinta muna ba su gurbi biyu. Tattabara ƙwai biyu take yi, su kwanta a kai kamar kwana 18, namiji da rana, mace da dare. Kafin 'ya'yan su tashi ta sake yin wasu ƙwan, to in gurbi ɗaya ne sai 'yan shilan su tattake su ko su ɓata su da kashi. A kwanakin farko iyayen ne ke ɗura musu wani farin ruwa mai kauri daga maƙoshinsu, shi ya sa in iyaye suka rame 'ya'ya ma sun tafi. Gero zalla ba ya isa. Muna haɗa shi da dawa da ɓarzajjen masara da wake, a gefe kuma ƙananan tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai da ɗan gishiri. Ɗan shila yana kai sayarwa a kwana 28 zuwa 30; da ya fara tashi sama sai naman ya yi tauri, masu yi wa mai jego farfesu kuma ba sa so.

Ruwan sha a sauya shi kullum, a wanke mazubin. Ta nan ciwon maƙogwaro ke yaɗuwa, wanda za ka buɗe bakin tsuntsu ka ga wani abu rawaya ya toshe shi. Ciwo mai murɗa wuya da koren zawo ya fi muni, yakan share gida cikin 'yan kwanaki. Duk tsuntsun da muka sayo, ko daga kasuwar Mai'adua ko daga hannun aboki, sai ya yi mako uku a keɓe.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaso marasa lafiya su karya farashi. Sai mai saye ya zo yana cewa, "Haba Malam, ai can rabin wannan kuɗin ne." Mukan ce, "Alhaji, ɗauki namu a hannu ɗaya, nasu a ɗaya, ka taɓa ƙirjin." Haka masu hatsi, wani buhun geron sama tas, ƙasa yashi da ƙwari, dole mu rairaye kafin mu zuba.