Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Koren Yadi

Makon jiya na tsaya a inda aka sallamo Mma, mahaifiyata, daga asibiti, bayan mun yi kwana goma sha ɗaya muna kwana a kan benci ni da ƙanwata. A waɗannan kwanakin ne na zama tafinta ba tare da kowa ya ɗauke ni aiki ba. Za a kawo tsohuwa daga Asawase ko Sabon Zango, ba ta jin Turanci, Tonancin ma, yaren Asante, sai na cinikin kasuwa. Nas ta tambaye ta ina ke ciwo, ta ce "jikin ne duka, 'yata." Sai a waiwaya a ce a kira yarinyar nan mai ɗinki. Yarinyar kuwa shekarunta 32, da 'ya'ya uku.

Na koma shagona na Aboabo, a Kumasi, a farkon 2017, amma zuciyata ba ta koma ba. Shagon ma dai ya daɗe yana tangal-tangal. Tun dumsor na 2015, lokacin da wuta kan yi yini da kwana ba ta dawo ba, na ajiye keken ɗinki na lantarki na koma na ƙafa. A azumin shekarar na kasa cika alkawarin kayan Sallah, mata huɗu suka kwashe atamfofinsu, kuma ba su sake dawowa ba. Yaran da nake koya wa ɗinki su biyar ne, suka zama biyu.

Wata ranar Laraba 'yar maƙwabciyarmu ta shigo da koren yadi a leda. Ta samu makarantar nas, tana son in ɗinka mata yunifom. Ina gwada ta ina yi mata tambayoyi kamar mai neman hira kawai. Daga bakinta na ji komai: karatun difloma shekara uku ne, bayansa sai jarrabawar lasisi ta Hukumar Nas da Ungozoma, sannan shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Ana so a samu aƙalla sakamakon C6 a Turanci da lissafi da kimiyya, da wasu darussa uku. Sai ta ƙara da abin da ya sa allura ta soke ni a yatsa: wanda ya wuce shekara 35 ba a ɗaukarsa.

Da dare na buɗe akwatin aurena na zaro takardar WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ta 2006. Na yi latti wajen shiga boko, don Baba ya ce sai na yi nisa a allo tukuna, shi ya sa na gama sakandare ina da shekara 21. Turanci C5. Kimiyya D7. Lissafi E8. Shekara goma sha ɗaya takardar tana kwance ƙarƙashin zannuwa, ba ta gyaru ba.

Maigidana makanike ne a Magazin ɗin Suame, mutum ne da ba ya amsa magana sai ya gama cin abinci. Na bari ya cinye tuwonsa ya wanke hannu.

"Baban yara, ina so in sake rubuta WASSCE, ta Nov/Dec."

"Ta me?"

"Ta nas."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Shagon fa? Yaran fa? Kin san Hajiya kuwa?"

Na san Hajiya. Uwar mijina ce, gida ɗaya muke, kuma ko akuya ba ta fita gidan nan sai da saninta. Da maganar ta isa kunnenta, ba kuɗi ta tambaya ba. Cewa ta yi, "Matar aure da gajeriyar riga, tana kwana a waje, tana taɓa mazan mutane? Ba a gidan ɗana ba." Na durƙusa na ce, "Hajiya, rigar ai ni zan ɗinka abata, tsawon da kika ce shi zan yi." Ta kalle ni ta ce baki gare ni. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ni kuma na ɗauki shirun na yi guzuri da shi.

Gaskiya ban ga laifinta sosai ba. A zamaninsu mace 'yar Zango ba ta shiga asibiti sai ciwo ya kai ta, kuma abin da suka gani a can bai sa sun ƙaunaci masu koren kaya ba. Amma dalilin nata shi ne nawa. Da a ce akwai namu a ciki, da tsohuwar da ta ce "jikin ne duka" an gane cewa ƙirjinta take nufi.

Na sayar da keken lantarkin na biya kuɗin rajista da na darasin yamma. Ajin yana bayan wani coci, daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai, don haka sallar magariba a baranda nake yi. Mu kusan arba'in ne, kuma ban da malamin babu wanda ya kai ni shekaru. Ranar farko da na shiga yara suka miƙe tsaye, sun zaci uwar wani ce ta zo kawo ƙara. Daga nan sunana ya zama Anti.

Kimiyya ba ta wahalar da ni ba. Da aka zo kan yadda jiki ke sarrafa sukari, ni ce na fi kowa ɗaga hannu, don kullum da asuba ni ke yi wa Mma allurar insulin. Lissafi ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Abin haushin, ni da ke yanka yadi shida in fitar da riga da zani da ɗankwali ba tare da ƙyalle ya salwanta ba, ni da ke raba inci gida takwas da ido, ana rubuta x a allo sai kaina ya ɗaure. Wanda ya cece ni wani yaro ne ɗan unguwarmu, wanda na taɓa ɗinka wa kaftanin Sallah yana ɗan shekara shida. Ya ce, "Anti, ki ɗauka x ɗin nan yadin da kwastoma ba ta faɗa miki ba ne. Ta ba ki kuɗin duka, ta faɗi kuɗin yadi ɗaya. Nawa ta saya?" Na ce ai wannan ko ina barci. Ya ce to shi ke nan, abin da malam yake ta faɗa ke nan wata biyu. Kullum bayan isha yakan zo shago, ni ina taka keke shi yana ba ni aiki, ladansa koko da ƙosai.

Sunan jarrabawar kawai Nov/Dec, amma tun kafin Nuwamba ake fara ta. Muna tsakiyar wannan fama gwamnati ta dawo da alawus ɗin ɗaliban nas da aka soke a baya, sidi 400 a wata. Maigida ne ya ji a rediyo a wurin aiki. Ya dawo bai ce komai ba sai da ya gama cin abinci, sannan ya ce, "Ashe har biyansu ake yi." Washegari ya ajiye mini kuɗin trotro, motar haya, na mako guda a kan keke. Wannan ita ce amincewarsa, kuma har yau bai taɓa furta ta da baki ba.

Da sakamako ya fito na sayi katin dubawa, na tafi wani shagon intanet can Adum, nesa da unguwa, don in abin ya ɓaci kada a ga fuskata. Hannuna na rawa, sai da yaron shagon ya karɓa ya shigar mini da lambar. Kimiyya C4. Lissafi C6. Da ƙyar na sha, da maki kaɗan ya ragu da sai wata shekara. Na sa ya buga mini kwafi uku.

Daga nan ban nufi gida ba. Na gangara kasuwar Kejetia wurin mai yadin da nake saye a hannunsa tun ina 'yar koyo, na ce ya yanko mini kore yadi huɗu. Ya ce wace yarinya ce kuma ta samu makaranta? Na ce wata ce a gidanmu. Ko fom ban saya ba a lokacin, balle a kira ni intabiyu. Na naɗe yadin na cusa a ƙasan akwatin aure, inda tsohuwar takardar ta kwanta.

Bayan kwana uku na dawo daga shago na tarar da Hajiya zaune a ɗakina, akwatin a buɗe, koren yadin a kan cinyarta. Abin da ta ce, da wanda ta aika a kira, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.