Wane aiki ne ke wuyanka a ikkilisiya?

In ana so a gane wanda ya shiga aikin ikkilisiya da gaske, ba yawan zuwansa sujada ake dubawa ba, ba kuma ƙarfin muryarsa wajen waƙa ba. Tambaya ɗaya ta isa: in ya yi mako uku bai zo ba, wane aiki ne zai yi rauni? In babu ko ɗaya, to yana halarta ne kawai. Halartar ma tana da daraja, shi ya sa Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗi masu bi kada su bar taruwa. Amma zaman benci daban, ɗaukar kaya daban. Ban sa tsoho ko majinyacin da ba ya iya fita a wannan lissafi ba, domin wanda yake riƙe da sunayen mutane goma yana yi musu addu'a kowace safiya yana da aiki a wuyansa, ko da ba wanda ya gani.

Aikin kansa ba a ɓoye yake ba. A Matiyu 28:19-20 an ce a je, a almajirantar da al'ummai, a yi musu baftisma, a koya musu. Ayyukan Manzanni 2:42 ta nuna abin da masu bi na farko suka lazimta: koyarwar manzanni, zumunci, gutsuttsura gurasa da addu'a. Sai dai wannan babban aiki ba ya tafiya sai an raba shi ƙanana, kowane yanki da sunan mai shi. Sura ta 3 ta littafin Nehemiya, wadda mutane da yawa ke tsallakewa saboda jerin sunaye, ita ce darasin. Kowane gida da ɓangaren garun da ya gyara, wasu ma daidai ƙofar gidansu. Har an rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sa hannu. A kwana 52 aka gama garun Urushalima.

Kafin ka ce "zan yi", zauna ka yi lissafi kamar mai gina hasumiya na Luka 14:28. Ɗauki malamin makarantar Lahadi. Ana ganin darasin minti 40 ne kawai, amma shirya shi yadda ya kamata yana cin kamar awa 2 a cikin mako. Sai zuwa da wuri da minti 30 don gyara wurin zama, sai tsayawa bayan an tashi har a zo a ɗauki yaro na ƙarshe, sai taron malamai, sai neman yaron da aka kwana biyu ba a gani ba. In ka haɗa, awa 4 a mako ba ta yi yawa ba. Wanda ya karɓi aikin da tunanin minti 40 zai fara shirya darasi a hanya ran Lahadi da safe, yaran kuwa suna ganewa tun kafin ya buɗe baki.

Don haka ka tambayi fasto ko dattijon da ya kira ka abu huɗu, kuma kada ka ji kunya: mene ne ainihin aikin, awa nawa yake ci, wa za ka riƙa ba rahoto, kuma har zuwa yaushe. Na ƙarshen ne aka fi mantawa. Aikin da ba shi da wa'adi yakan zama ɗauri, mai shi ba ya iya ajiyewa sai da faɗa ko da gudu. A ce shekara ɗaya, a sake zama a duba, ya fi. In ba ka tabbata aikin ya dace da baiwarka ba, nemi gwajin wata 3 a ƙarƙashin wanda ya saba. Kuma ka riƙe ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle mutum ya zama mawaƙi, ma'aji, shugaban matasa kuma ɗan kwamitin gini a lokaci guda.

Aikin da na ga ya fi kowanne shan sakaci shi ne kula da baƙi. A tsakiyar sujada a ce su miƙe, a tafa musu, a rera musu waƙar maraba, shi ke nan an gama. Baƙon ya fita ba wanda ya san inda yake kwana. Abin da ake bukata mutum biyu ne ko uku da aka ɗora wa wannan aiki kaɗai. Su tare shi kafin ya kai ƙofa, su rubuta sunansa daidai, da lambar waya in ya yarda ya bayar, da abin da ya kawo shi. In bai yarda ba a ƙyale shi. A kira shi cikin kwana 2 ko 3, tun fuskokin ba su ɓace masa ba. Lahadi mai zuwa wanda ya kira shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe shi da sunansa, ya zauna kusa da shi. Cikin wata guda a haɗa shi da ƙaramar ƙungiya ta nazarin Littafi Mai Tsarki, mai mutum 8 zuwa 12. In ta wuce haka masu kunya sukan yi shiru, mutum uku su cinye lokacin duka, kuma in wani ya daina zuwa ba a lura. Inda wannan tsari ke lalacewa kusan kullum wuri ɗaya ne: an rubuta sunaye a takarda, takardar ta shiga aljihun wani, ba a ce wa kowa "kai ne za ka kira wannan" ba.

Zumunta a ƙafa take, amma ziyarar majinyaci tana da ladabinta. A tambaya tukuna ko yana son a zo. A je mutum biyu, ba tawaga ba. Minti 10 zuwa 15 sun isa, domin majinyaci yana gajiya da ƙoƙarin nuna yana jin sauƙi. A wanke hannu, a bi lokacin da asibiti ya tsara, a rage murya saboda na gadon kusa. A saurara fiye da yadda ake magana, a karanta gajeren nassi, a yi gajeriyar addu'a. Kada a fara binciken zunubin da ya jawo ciwon, abokan Ayuba sun yi haka kuma Allah bai yaba musu ba. Kada kuma a ce wa kowa ya bar shan magani don ya nuna bangaskiya. Abin da aka ji a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Asirin mutane da yawa ya tonu ta hanyar "mu sa ɗan'uwanmu cikin addu'a, kun san abin da ke damunsa shi ne...", wanda gulma ce kawai da ta sa rigar addu'a.

Game da fita bishara, Yesu ya aiki almajiransa sha biyun nan biyu-biyu, haka ma sauran da ya aika a Luka sura 10. Hikimar a fili take: ɗaya na magana, ɗaya na saurare yana addu'a a zuci, kuma kowa shaida ne ga ɗan'uwansa. A nemi izini kafin a shiga gida ko a fara magana. In aka ce a'a, a yi godiya a wuce. 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi, saboda haka zagin addinin wani ko abin da yake girmamawa ba bishara ba ce. Taimako kuma ba tarko ba ne. In ikkilisiya za ta ba mabukaci magani ko sutura, ta ba shi ko ya tuba ko bai tuba ba.

Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne ƙirga hannuwan da aka ɗaga na masu cewa sun ba da gaskiya a dawo da murna, ba tare da an shirya wanda zai koma ba. Bulus da Barnaba, bayan sun kai Darba, sun sake bi ta Listira, Ikoniya da Antakiya ta Bisidiya, garuruwan da aka tsananta musu, don su ƙarfafa almajiran su kuma naɗa dattawa. Daga baya Bulus ya sake cewa su koma su ga yadda 'yan'uwa suke. Don haka kafin a sa ranar fita, a fara ƙirga masu komawa. In mutum 6 ne kawai za su iya ziyara kowane mako na wata 3, kuma kowannensu ba zai iya riƙe fiye da mutum 2 ko 3 ba, to wannan shi ne girman aikin da ikkilisiyar za ta iya ɗauka a yanzu. Wanda aka aika nesa kuma hakkinsa yana kan waɗanda suka aike shi. Tallafi kaɗan da ke zuwa kowane wata a ranar da aka sani ya fi babbar kyauta sau ɗaya da shiru ya biyo bayanta, domin da na farkon ne mutum ke iya tsara rayuwar iyalinsa. Shi ma ya kawo rahoto, kamar yadda Bulus da Barnaba suka tara ikkilisiyar Antakiya ta Suriya da ta aike su suka ba da labarin tafiyarsu.

Sai kuɗi. A 1 Korintiyawa 16:2 Bulus ya ce kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a fara tarawa. Wato bayarwa abin shiri ne tun daga gida, ba laluben aljihu ba sa'ad da kwanon baiko ya iso. Wajen riƙe kuɗin kuwa, Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba. An haɗa shi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya sami abin zargi. In manzo ya yi haka, ban ga dalilin da ma'aji zai ji an raina shi don an ce a ƙirga tare ba. Mutum biyu aƙalla, waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, su ƙirga baiko nan take a wurin, su rubuta jimilla, su sa hannu. A riƙa sauya su. Kuɗin ya shiga banki a ranar aiki ta farko, kada a kashe komai daga cikinsa kafin ya shiga. Mai amincewa da kashewa daban, mai fitarwa daban, kowace kashewa da rasidinta, kuma a karanta wa jama'a rahoto a lokacin da aka tsayar. Matsalar ba kasafai take farawa da sata ba. Takan fara da "bari in ara, zan mayar kafin Lahadi".

Rabon taimako ma haka. Gunaguni na farko da Ayyukan Manzanni ta ambata a cikin ikkilisiya, a sura 6, kan gwauraye mata masu jin Helenanci ne da ake tsallakewa wajen rabon yau da kullum. Manzannin ba su ce a yi haƙuri a ƙara addu'a ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, aka ɗora musu hannu, aka damƙa musu aikin. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, ciki har da Istifanas da Filibus. Inda babu rubutaccen jerin mabukata da ranar da aka ba kowa, taimako yakan bi masu baki da masu dangi a kwamiti, mai kunya ya kwana da yunwa.

Aikin yara yana da doka ɗaya da bai kamata a sassauta wa kowa ba, komai girmansa: babba ɗaya kada ya keɓe da yaro. Manya biyu a aji, ƙofa a buɗe, kuma sabon zuwa ya yi wata 6 ana saninsa kafin a ba shi yara. In yaro ya faɗi cewa an cutar da shi, ba maganar da za a binne a ɗakin dattawa ba ce, a kai ta ga hukumar da doka ta ɗora wa alhakin.

Yanzu mu koma tambayar farko, domin tana da ɗaya gefen. In ka yi mako uku ba ka zo ba aikin ya mutu murus, kai ma da gyara a wurinka. Yetro, surukin Musa, ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya gaya masa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya ba shi shawarar naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Alamun gajiya ba sa ɓuya: mutum ya fara jin haushin waɗanda ba sa aiki, addu'arsa ta koma shirin abin da zai faɗa wa wasu, 'ya'yansa su fi ganinsa a majami'a fiye da gida. Maganin shi ne mataimaki tun daga watan farko. Da fari ka yi yana kallo, sai ku yi tare, sai ya yi kana kallo kana gyara masa a keɓe, sai ka bar masa wata Lahadi gaba ɗaya ka zauna a baya ka kame bakinka. Matakin nan na ƙarshe ne ke gagarar ƙwararru, domin sabon hannu zai yi abin ba yadda suka saba ba. Abin da 2 Timoti 2:2 ke nema ke nan, a damƙa wa amintattu waɗanda su ma za su koya wa wasu.

Saɓani zai zo, tunda da mutane ake aiki. Matiyu 18:15-17 ta jera matakan: kai da shi kaɗai tukuna, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Yawancinmu daga na uku muke farawa, a zauren WhatsApp. Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan Yohanna Markus, amma kowannensu ya ci gaba da aikin, daga baya kuma Bulus ya rubuta cewa Markus yana da amfani a gare shi.

In lokacin ajiye aiki ya yi, ko don ƙaura, ko don nauyin gida, ko don wa'adi ya cika, kada ka sulale a nemi inda kake a rasa. Ka faɗa wa wanda kake ba rahoto wata guda kafin lokacin. Ka rubuta abin da ake yi kowane mako da abin da ya rage ba a gama ba, da sunayen mutanen da kake bibiya da inda aka tsaya da kowannensu. Makullai, littafin rajista da duk kuɗin da ke hannunka ka miƙa su a gaban shaida, a rubuta, a sa hannu.